Zumunci a Zamanin Na'ura: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara na Ƙungiya

 

   

An nemi mu yi tsokaci a kan shawarar da wasu 'yan'uwa suka kawo, cewa saboda tsadar mota da halin da hanyoyi suke ciki, a mayar da wannan taro na shekara ya koma ta wayar hannu, kowa ya halarta daga inda yake. Kafin mu faɗi ra'ayinmu, muna roƙon a ba mu dama mu ratsa ta Amurka, ta cikin wani ƙagaggen labari.

A shekarar 2010 wani marubuci mai suna Gary Shteyngart, wanda aka haifa a Leningrad a 1972, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka yana yaro, ya wallafa littafi mai suna Super Sad True Love Story, wato labarin soyayya na gaskiya mai ban tausayi. Littafin shaguɓe ne ga ƙasarsa. Ya zana Amurka ta gobe wadda bashi ya yi wa katutu, har darajar dalarta ta rataya ga kuɗin ƙasar Sin. Kowa yana rataye da wata 'yar na'ura a wuya kamar laya. Da ka shiga taro, na'urar za ta sanar da kowa abin da ka mallaka, da lafiyar jikinka, har ta jera mazan wurin daga mafi kyawu zuwa mafi muni. A bakin titi kuma akwai turakun da ke bayyana ƙarfin aljihun duk wanda ya gifta. Littafi kuwa, matasa cewa suke yi wari yake yi.

A cikin wannan duniya ne Lenny, ɗan shekara 39, ɗan baƙin haure daga Rasha, ya kamu da son Eunice, 'yar shekara 24, wadda iyayenta suka zo daga Koriya. Lenny yana aiki a kamfanin da ke sayar wa attajirai alkawarin cewa ba za su tsufa ba, ba za su mutu ba. Mu da muka yi imani cewa kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne, wannan kasuwanci dariya zai ba mu, kuma marubucin ma dariyar yake so a yi.

Amma inda labarin ya kama mu shi ne ranar da tarzoma ta ɓarke a birnin New York, na'urorin nan suka ɗauke baki ɗaya. Wasu suka rasa abin da za su yi da rayuwarsu. Eunice ta dinga aika wa mahaifiyarta saƙo yana dawo mata. Lenny, wanda a da ziyarar iyayensa ke yi masa nauyi, ya nemi hanya ya isa gidansu, ya tarar da tsofaffin nan cikin yunwa, ya fita ya sayo musu abinci da hannunsa. Daga bisani Eunice ta rabu da shi ta koma wa maigidansa, tsoho ɗan kimanin shekara 70 mai fuskar saurayi, domin shi ne mai ikon kare danginta. Da yawa za su kira wannan cin amana, kuma ba mu wanke ta ba. Sai dai mun lura cewa yarinyar da aka nuna mana ba ta san komai ba sai sayen tufafi ta na'ura, da wuya ta yi wuya, uwarta da ƙanwarta ta fara tunawa, har da uban da ya sha dukansu.

Jama'a, wannan ba tatsuniyar Turawa ba ce kurum. A watan Satumba na 2021 hukuma ta rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Makonni aka yi ɗan da ke Legas bai ji muryar uwarsa ba, kuɗin da ya saba turawa ta waya suka maƙale, aka koma ba direbobin tasha saƙo kamar kafin 2001, shekarar da wayar salula ta GSM ta shigo ƙasar nan. Wanda yake da ɗan'uwa mai zuwa da ƙafarsa, shi ne ya san halin da gidansu yake ciki. Turakun nan na tonon asiri ma mun ga irinsu, a kamfanonin ba da rance ta waya da ke aika wa surukan mutum da abokan aikinsa saƙon cewa ya ci bashi.

Ba mu ce waya ba ta da amfani ba. Da ita muka tara gudummawar gyaran ajujuwa, da ita muke jin haihuwa da rasuwa a yini guda. To amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: nawa ne a cikinmu suka mayar da ta'aziyya rubutun layi ɗaya? Nawa ne 'ya'yansu suka san kakarsu a hoto kawai, ba su taɓa durƙusawa a gabanta sun gaishe ta ba? Tsohuwa za ta ce maka a waya lafiya lau, alhali damina ta kayar da katangarta, domin ba ta son ta ɗaga maka hankali. Magabata da suka ce zumunta a ƙafa take sun san irin wannan kawaici na iyaye.

Don haka roƙonmu ga wannan zama shi ne a bar taron shekara a nan gida kamar yadda aka faro shi, a buɗe waya ga marar lafiya da wanda ke ƙasar waje kaɗai. Muna kuma ba da shawarar kwamitin walwala ya rubuta sunayen dattawan da 'ya'yansu duka suke ci-rani, unguwa-unguwa, a sa wanda zai riƙa leƙa su kowane wata, reshen kowane birni kuma ya ɗauki kuɗin motar ɗalibai biyu zuwa taron baɗi. Muna roƙon sakatare ya sa wannan cikin abubuwan da za a tattauna bayan sallar Azahar.