Sojan Gona da Sunan Ɗalibi



Ɓarawon da muka taru dominsa ba ya haura katanga, lamba yake farauta. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya fito da BVN a 2014, aka kuma ɗaure layukan waya da NIN daga Disambar 2020, sunan kowannenmu ya rataya ga lambobi 11. Wanda ya tsince su, ko a shagon hoton takardu ko ta fom ɗin tallafin karatu na ƙarya, yana iya cewa layinmu nasa ne ya ɓace, a ba shi sabo. Daga nan duk saƙon sirrin da banki ya aiko hannunsa zai faɗa, ya kwashe ajiya, ya ci bashi da sunanmu.

Banki ba ya kira ya nemi lambar sirri. Idan layi ya ɗauke haka kawai, kada mu jira gobe: a rufe asusu nan take, a kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC a rubuce, a kuma adana takardar shaida, domin masu bin bashi na nan tafe. Sashe na 22 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗauri ga mai wannan sojan gona.