BORIN JINI DA CIWON CIKI

Ga jawabin da malamin lahiya ya yi ma ɗaliban yaƙi da jahilci.



Kowa ya san borin jini. Mutum na zaune lahiya lau, sai jikinshi ya kama ƙaiƙayi. Hwata ta tashi ruɗu-ruɗu kamar an zane shi da tsumagiya. Kahin gobe war haka kumburin ya ɓace, wani ya hito a wani wuri. Wannan ba kuturta ba ce. Tabon kuturta ba ya ƙaiƙayi, ba ya canza wuri. Kuma borin jini ba ya kama wani.

Yawanci shina wucewa cikin ƴan kwanaki. Amma in ya kai sati 6 shina tahiya shina dawowa, ya zama daɗaɗɗe. To, a nan ya kamata a tambayi mai shi: yaya cikinka?

Ga dalili. Akwai wata ƙwayar cuta mai zama cikin tumbin mutum. Sunanta Helikobakta pilori. Ido ba ya ganin ta sai da madubin likita. Likitoci biyu na ƙasar Ostiraliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka gano ta a 1982. Mutane ba su yarda ba. A 1984 Marshall ya sha ruwa mai ƙwayar da gangan, cikinshi ya kamu. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, da yawa tun suna yara. Tana shiga ta baki: ta yawu, da ruwa ko abincin da kashi ya ɓata. Mahi yawa ba su jin komai. Waɗansu ko suna hwama da zahi a ƙahon zuci, da kumburin ciki, da yawan gyatsa. Ita ce babbar mai kawo gyambon ciki.

Likitoci sun lura da wani abu. Cikin masu daɗaɗɗen borin jini akwai masu wannan ƙwaya. Da aka kashe ta, ƙaiƙayin waɗansu ya ragu, na waɗansu ya bari. Waɗansu ko ba su ga canji ba. Ke nan ba kowane borin jini ba ne ke da asali a ciki. Awo kaɗai ke nuna mai ƙwayar. Ana awon kashi, ko na jini, ko na numhwashi.

In an same ta, lokotoro na ba da magani iri 3 ko 4, a sha su tare kwana 10 zuwa 14. Wanda ya tsaya a tsakiya don ya ji sauƙi ya cuci kanshi. Ƙwayar ba ta mutu ba, kuma tana iya daina jin maganin. Kanwa na kwantar da zahin ciki na ɗan lokaci, amma ba ta kashe ƙwayar.

A yi hattara da masu tallar magani a kasuwa. Aspirin da ibuprofen da diklofenak suna tsananta gyambon ciki, suna kuma tada borin jini.

Alamu biyu ba su jiran ranar kasuwa. Ta hwarko: leɓe ko halshe ya kumbura, numhwashi na wuya. Ta biyu: aman jini, ko kashi baƙi kamar kwalta. A ɗauki mutum nan take a kai shi likita, ko da dare ne.

Ga hanyoyin tsari:

1. A wanke hannu da sabuni bayan an hito daga salanga, da kahin cin abinci.
2. A gina salanga nesa da rijiya.
3. A tahwasa ruwan tabki kahin a sha.
4. Uwa ta daina tauna abinci tana ba jinjiri. Ta dama mishi da ludayi mai tsabta.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabcinshi. Allah shi ba mu lahiya, amin.