Mai Duba Wayarin Gida, Kada Ya Zama Shi Ne Mai Gyara

'Yan'uwa matasa, da yawa cikinku nan Fakku sun koyi aikin wayarin, wasu a Tambuwal, wasu har Sakkwato, kuma yanzu da sola ta yawaita ku ake nema. To, wannan magana taku ce.

Mutum zai kama haya, ko ya gama gini zai tare da iyalinsa, sai ya ce maka zo ka duba mini wutar gidan nan. Ka lura da abin da ya ba ka. Idonka ya ara, domin shi bai san bambancin waya mai milimita 1.5 ta fitila da mai 2.5 ta soket ba, bai san jan ƙarfe na gaske da alminiyon da aka shafa wa launi ba, ga shi kuma wayar tana cikin bango. Abin da ka faɗa shi ke nan. In ka shiga da niyyar kai za ka yi gyaran, ƙaramin laifi sai ya girma a idonka. Soket ɗaya ya ƙone, ka ce a sake wayarin gidan duka, kafin ka fita kuma ka tallata masa batir da inbata. In kuwa ubangidanka ne ya yi aikin tun farko, sai ka ga an haɗa waya ba a naɗe ta ba, ka yi shiru, har hunturu ya zo gobara ta tashi cikin dare.

Hukuma ma ta raba waɗannan ayyuka. Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara, amma dubawa da ba da shaidar ingancin aiki na hukumar NEMSA ne, wadda dokar 2015 ta kafa, dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta ci gaba da ita. Sai dai kun sani, ba kowane ɗaki a ƙasar Kebbe jami'i zai taka ba. A nan, kai ne mai dubawar.

A Amurka akwai ƙungiyar masu duba gidaje da ake kira ASHI, an kafa ta a 1976. Ƙa'idarta ta hana ɗanta ya karɓi kuɗin gyara abin da ya duba sai bayan shekara guda. Ba wai sun ɗauki kowa ɓarawo ba, sun dai san halin zuciya in ta hango riba. Mu kuwa mun riga mun san labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka tura karɓar zakka ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, Manzon Allah (S.A.W.) ya hau mumbari ya yi tir da hakan, domin ba don aikin ba da ba a ba shi ba.

Na san wani zai ce, Malam, mu nawa ne masu wannan sana'a a garin? In ban gyara ba wa zai gyara? Wannan tambaya ce mai ƙarfi. To, ka yanke ladan dubawa tun kafin ka taɓa komai. Abin da ka gani ka rubuta masa a takarda, ka nuna masa da yatsa, ka bambance wanda zai iya kashe mutum da wanda zai iya jira. In ka tarar da haɗari a take, kashe wutar, wannan ba ya jiran ciniki. Sannan ka ambata masa mutum biyu ko uku, ko da a Tambuwal suke, kuma kada ka karɓi ko sisi na kamasho daga wurinsu. In ya kai takardar wani ya gani, ya dawo da ƙafarsa ya ce kai yake so, sai ku yi sabon ciniki a gaban shaida, ka bar shi ya sayo kayan da kansa.