Kukan Majiyyata da Gyaran Asibitoci a Birnin Alkahira

A cikin watan Yuni na shekarar 2015, Firayim Ministan Masar na wancan lokaci, Ibrahim Mahlab, ya kai ziyarar ba-zata babbar cibiyar kula da ciwon zuciya da ke unguwar Imbaba, a gaɓar yamma ta kogin Nilu. Jaridu suka ba da labari cewa ya yi mamaki ƙwarai da irin halin da ya tarar. Ba a daɗe ba sai waɗansu likitoci suka buɗe shafi a Facebook, suka raɗa masa suna "Don kada ya yi mamaki idan ya zo". Nan da nan hotuna suka yi ta kwararowa daga asibitocin gwamnati na ko'ina cikin ƙasar: ga kyanwoyi a ɗakunan majiyyata, ga gadaje karyayyu, ga tulin shara. Cikin 'yan kwanaki dubun dubatar mutane suka bi shafin.

Abin tambaya a nan shi ne, yaya aka yi abin da kowane majiyyaci ya sani, kowace ma'aikaciyar jinya ta sani, bai kai kunnen shugaban gwamnati ba sai da ya taka da ƙafarsa? Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, amma sanin mai ɗaki ba ya gyara rufi, sai in akwai hanyar da maganarsa za ta isa wurin magini.

Wannan matsala tsohuwa ce a Alkahira. Wajen shekarar 872 Ahmad ɗan Ɗulun, mai mulkin Masar, ya gina asibiti inda ake jinyar talakawa kyauta. Malamin tarihin nan Maƙrizi ya ruwaito cewa sarkin yakan je da kansa kowace Juma'a ya duba ɗakunan ajiya, ya gana da likitoci da marasa lafiya. Wata rana wani mai taɓin hankali ya roƙe shi rumman. Da aka kawo masa, sai ya jefi sarki da shi, ya ɓata masa tufafi. Tun daga ranar sarki bai sake komawa ba. Watau sauraron da ya dogara ga ganin damar mutum ɗaya, ranar da ransa ya ɓaci ya ƙare ke nan.

Sarakunan da suka biyo baya sun mai da abin ƙa'ida. Sarki Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya tanadi wani zaure a gindin ganuwar birnin, ana kiransa Darul Adli, inda ake sauraron ƙarar waɗanda aka zalunta. A zamanin Mamluk an saba yin wannan zama ran Litinin da Alhamis. Har wa yau akwai muhtasibi, wanda sa ido kan likitoci da masu sayar da magani yana cikin aikinsa.

A yau Alkahira da kewayenta suna ɗauke da mutum fiye da miliyan 20, ba zauren da zai ɗauki masu ƙara. Saboda haka a shekarar 2017 aka kafa wani tsari guda na karɓar koke-koken jama'a a ƙarƙashin majalisar ministoci. Mai kuka yakan buga lamba 16528, ko kuwa ya rubuta ta intanet. Sai a ba ƙararsa lamba, a tura ta ma'aikatar da abin ya shafa, a kuma bi sawu har a sami amsa. Kowane wata ana miƙa wa Firayim Minista rahoto. Ma'aikatar lafiya tana da tata lambar, 105, kana akwai 16000 domin ceton yaran da suka shiga wani hali. Koke-koken lafiya da suka fi yawaita cikin rahotannin su ne neman gado a ɗakin kulawa ta musamman, da neman kwalabar renon bakwaini, da neman gwamnati ta ɗauki nauyin tiyata, da ƙarancin magani.

Babu shakka wannan tsari ya ceci rayuka. Amma yana da iyaka. Idan uba ya buga waya aka samo wa jaririnsa kwalaba, an share hawayen gida ɗaya, alhali kuwa dalilin ƙarancin yana nan, gobe wani uban ne zai buga. Bugu da ƙari, ƙara takan zo ne bayan ɓarna ta auku, kuma daga wanda ya san lambar, ya kuma yi ƙarfin halin magana. Shi ya sa masana kiwon lafiya suke bambanta karɓar ƙara da neman shawara. A na farko hukuma tana zaune tana jira, a na biyu ita ce take fita ta tambaya.

Wata ƙungiya mai zaman kanta a Alkahira, mai suna Shamseya, watau laima, ta gwada hanya ta biyun. Bayan juyin juya halin 2011, ƙungiyar tare da haɗin gwiwar wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Masar ta shiga horar da mutanen unguwa, waɗanda ba likitoci ba ne, su ziyarci asibitoci da jerin tambayoyi iri ɗaya. Sukan duba abin da idon kowa zai iya gani, kamar tsabta, da kayan aiki, da yadda ake karɓar wanda aka kawo cikin gaggawa, da yadda ake mutunta majiyyaci. Sa'an nan a ba kowane asibiti maki, a buga a intanet. Amfanin wannan dabara shi ne ta mai da gunaguni ya zama awo. Shugaban asibiti yana iya musun jita-jita, amma da wuya ya musa takardar da ta gwada asibitinsa da na maƙwabta a kan ma'auni ɗaya.

Ita ma doka ta motsa. Tsarin mulkin 2014, a sashe na 18, ya wajabta wa gwamnati kashe aƙalla kashi 3 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a kan kiwon lafiya, ya kuma mai da ƙin jinyar wanda ke cikin haɗari laifi. Sai kuma doka ta 2 ta shekarar 2018, wadda ta kafa inshorar lafiya ta kowa da kowa. Hikimar dokar ita ce ta raba aiki gida uku: hukuma mai biyan kuɗi, da hukuma mai tafiyar da asibitoci, da hukuma mai duba inganci. Kafin asibiti ya sami shaidar hukuma ta uku, wajibi ne ya nuna cewa yana kiyaye haƙƙin majiyyata, yana kuma da hanyar jin kukansu. An soma aiki da tsarin a Fot Sa'id cikin 2019, amma Alkahira an ajiye ta a rukunin ƙarshe.

Cikas kuwa suna da yawa. Shekara da shekaru, fiye da rabin kuɗin jinya a Masar daga aljihun iyalai yake fitowa. Mai ɗan abin hannu, in bai ji daɗin asibitin gwamnati ba, ba ya tsayawa ƙorafi, sai ya nufi likitan kuɗi ko kantin magani. Waɗanda suka rage su ne marasa galihu, masu tsoron kada su yi magana gobe a juya musu baya. Akwai kuma waɗanda muryarsu ba ta cika fitowa ba: tsofaffin da ke gidajen kulawa, da naƙasassu, da 'yan gudun hijirar Sudan da suka ƙaru tun ɓarkewar yaƙi a 2023, da ɗaliban Afirka ta Yamma da ke karatu a Azhar. Su ma likitocin suna da nasu kukan na ƙarancin albashi, abin da ya sa dubbai suka tafi aiki ƙasashen waje. Daɗin daɗawa, dokar ƙungiyoyi ta 2019 ta hana su gudanar da binciken jin ra'ayin jama'a sai da izinin hukuma.

Abin da ya faru a waɗansu ƙasashe yana da darasi. A Ingila an kafa majalisun lafiya na al'umma a 1974, aka rushe su a 2003. Bayan abin kunyar asibitin Stafford, inda aka daɗe ana watsi da kukan iyalai, rahoton 2013 ya ɗora babban laifi a kan rashin sauraro. A Yuganda, wani bincike da aka buga a 2009 ya nuna cewa mutuwar ƙananan yara ta ragu da misalin kashi ɗaya cikin uku a inda mutanen ƙauye suka zauna da ma'aikatan ɗakin shan magani suka yi yarjejeniya. Amma da aka maimaita gwajin a wurare masu yawa daga baya, ba a ga irin wannan raguwa ba. Ke nan taro kaɗai ba magani ba ne.

Nijeriya ma tana da kwamitocin raya gundumomi masu sa ido kan ɗakunan shan magani, da ofisoshin SERVICOM tun 2004, da kundin haƙƙin majiyyata na 2018. A Kano ne ko a Maraɗi ko a Alkahira, ma'aunin ɗaya ne. A tambayi wanda ba ya iya zuwa da kansa, a kare wanda ya yi magana, sa'an nan a komo a gaya wa jama'a abin da aka gyara da abin da ya gagara, da dalili. Akwatin shawara da aka rataya a bango, ba wanda ke buɗe shi, jama'a ba sa daɗewa su gane, daga nan sai su daina jefa takarda.