Amsar Wasiƙa: Yadda Ake Ɗaukar Hoton Furannin Dutse

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwa da ke sayo kaya a Gembu. Ya ce yakan bi ta Serti, inda hedkwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, yakan kuma ga baƙi sun durƙusa suna ɗaukar hoton ɗan fure. Shi ma ya gwada da wayarsa, hoton ya fito dishi-dishi. Ina dabarar take?

To Malam, ka tambayi abu mai amfani. Wannan gandu, wanda aka kafa a 1991, shi ne mafi girma a Nijeriya, kuma a yankinsa dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419. Saboda sanyi da yawan ruwa, akwai tsirrai a can waɗanda ba ka ganinsu a Kano ko Sakkwato.

Da farko ka fita da sassafe, kafin iska ta tashi. Iska ita ce babbar abokiyar gaba, domin fure na kaɗawa hoto ya lalace. Rana tsaka kuwa haskenta yana wanke launi. Ka goge gilashin kyamarar da gefen riga, don hazon dutse yakan jiƙa shi. Sannan ka durƙusa daidai tsayin furen, ka kafa gwiwar hannu a kan cinya. Ka bar kamar taƙi ɗaya tsakaninku. In ka matsa fiye da haka, yawancin wayoyi ba sa iya gani sosai. Ka taɓa furen a fuskar wayar, ka jira ya fito tar, ka riƙe numfashi, sai ka danna. Kada inuwarka ta faɗa kansa.

Ka ɗauki hoto uku: furen, ganyen, da tsiron gaba ɗaya. Wannan shi zai sa malamin gona ko likitan dabbobi ya gane shi. Misali gatarin kurege, mai fure ja da rawaya, kyakkyawa ne ƙwarai, amma saiwarsa dafi ce ga mutum da dabba. Ka ga hoto ɗaya mai kyau yana iya ceton saniya, ko ma yaro.

Sai gargaɗi. Ka kaɗa ciyawa da sanda kafin ka durƙusa, saboda maciji. Kada ka shiga gandu ba tare da izini da ɗan rakiya ba, kuma kada ka tsinke ko ka tuge komai, doka ta hana. Furen da ka bari shi ne abincin zuma, shi ne irin baɗi.

Allah ya kiyaye hanya, Malam. Sauran masu saurare, muna jiran wasiƙunku. A huta lafiya.