Kada Ku Tsaya a Tokyo Kaɗai



Wasu daga cikinku aikin gwamnati zai kai su Japan wata rana, ko kwas ko taro. Roƙona shi ne kada ku tsaya a Tokyo kaɗai. Ku hau jirgin ƙasa na Shinkansen, wanda ya fara aiki a 1964. Cikin awa biyu da 'yan mintoci kun sauka Kyoto, mazaunin sarakunansu tun daga 794 har 1868.

Yaƙin Duniya na Biyu bai rusa birnin ba, shi ya sa tsofaffin gidajen katako suke nan tsaye. Amma wurin bautar nan na Kinkakuji, mai lulluɓe da zinariya, ba na asali ba ne. An ƙone shi a 1950, suka sake gina shi a 1955.

Sai batun ciki. Awarar da muke raina wa a bakin titi, a Kyoto abincin alfarma ce, a ruwan zafi ake dafa ta. Sai dai ku tambaya kafin ku kai loma, domin romon taliyarsu sau da yawa na ƙashin alade ne, miya kuma akan zuba mata giyar shinkafa. In kun ƙoshi, kada ku bar tukuici, ba al'adarsu ba ce.