Wayar Hannu Da Yaƙi Da Jahilci A Ƙasar Sanga

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin mataimakan editan wannan shafi ya yi wa taron 'yan Arewa mazauna Ikko, yawancinsu mutanen Gwantu da Kafanchan da kewaye.



Zan fara da abin da ya faru a gidanmu. Bara na aika wa wata gwaggona Naira 20,000 a wani ƙauye kusa da Gwantu. Saƙon banki ya shigo wayarta, amma da yake ba ta iya karatu ba, sai ta kai wa wani ya duba mata, shi kuwa ya ce Naira 15,000 ce, ya ƙirga mata, ta yi godiya ta tafi. Ba mu gane ba sai da na je gida. Na tabbata a zauren nan akwai masu irin wannan labari. Watau kuɗin da muke nema da gumi a Agege da Idi Araba da Sabon Badun da Fatakwal, jahilci yana cin rabonsa tun kafin ya isa tukunya.

Jama'a, yaƙi da jahilci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka, aka buga musu littattafai a Zariya. A 1976 aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, sa'an nan a 1999 aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato. Duk waɗannan sun yi amfani, amma kowannensu yana bukatar mutum ya taka zuwa aji. Manomi da damina, da matar da ke da goyo, da yaron da rikici ya kora daga garinsu, kamar yadda ya faru a yankin Fadan Karshi a 2014, su ne kullum akan bari a baya.

To, ga wani abu da kakanninmu ba su samu ba. Kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, layukan tarho a ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba. Yanzu kuwa da wuya ka shiga gida a Gwantu ko Mayir ka rasa waya ko da guda ɗaya. Ba babbar waya ta shafa nake nufi ba. Ina nufin 'yar ƙaramar nan mai tocila da rediyo, wadda samari suka laƙaba wa wani suna da ba zan maimaita a gaban iyayena ba. Tana kira, tana karɓar saƙo, tana ɗaukar katin ajiye murya, cajinta kuma yana kwanaki.

Kada wani ya ce irin wannan aiki sai Turawa. A Kafanchan, a unguwar Bayan Loko, Gidauniyar Fantsuam da Dakta John Dada da Kazanka Comfort suka kafa a 1996 ta fara da ba mata rance, daga nan ta shiga koya wa mutanen karkara aikin kwamfuta, har ta sami lambar yabo ta Afirka a 2001 saboda wannan aiki. Sa'an nan a 2013 hukumar UNESCO da kamfanin Nokia da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna suka haɗa kai, suka riƙa aika wa malaman firamare gajerun darussa ta waya kan yadda ake koyar da Turanci. An fara gwajin da malamai kaɗan a yankin Abuja, amma kafin a jima dubban mutane sun shiga.

Misalin da ya fi kusa da halinmu yana Jamhuriyar Nijar. Daga 2009 aka yi gwaji a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Damagaram da Doso, inda ake koyar da manya karatu da lissafi da Hausa da Zabarmanci. A rabin ƙauyukan an koyar yadda aka saba. A sauran rabin an ƙara koya wa ɗalibai sarrafa ƙaramar waya, aka ba kowane mutum 5 waya ɗaya. Da aka yi jarrabawa, masu waya suka fi sauran, kuma bayan watanni da rufe aji ba su manta kamar sauran ba. Dalilin a bayyane yake: wanda ya koyi baƙaƙe bai sami inda zai yi amfani da su ba, da sannu za su gudu, amma wanda kullum yake rubuta wa ɗansa saƙo ko yake tambayar farashin hatsi, bita yake yi ba tare da ya sani ba.

Haka kuma a 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, a ƙasar Botsuwana an gwada aika wa yara tambayoyin lissafi ta saƙo, wasu kuma aka haɗa musu da kiran malami na kamar minti 20 kowane mako. Saƙo shi kaɗai bai yi wani tasiri mai ɗorewa ba, amma inda aka haɗa da muryar malami yara sun ƙaru sosai. Ina roƙonku ku riƙe wannan, domin kuwa shi ne ginshiƙin maganata: waya ba ta maye gurbin malami, sai dai ta kai shi inda ƙafarsa ba ta zuwa.

Ba zan ɓoye muku matsaloli ba. Akwai rashin wutar caji, akwai ƙauyukan da sai an hau tudu kafin a sami sabis. A farkon 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da saƙo da kashi 50 cikin 100. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da ka sa haruffanmu masu lanƙwasa, watau ƙ da ɗ da ɓ, sai ya koma 70, kuɗi ya ninka. Har ila yau, a gidaje da yawa wayar tana aljihun maigida, ya fita da ita tun safe, mata da yara ba su ganinta. Bugu da ƙari, ko da yake Hausa ta haɗa mu, yaron da ya tashi da Numana ko Ninzo zai fi saurin fahimta in an fara masa da harshen uwarsa.

Saboda haka ga shawarwarina guda 4. Na farko, kowannenmu ya ware minti 20 a mako ya kira ɗansa ko ƙanensa, ba don gaisuwa kaɗai ba, ya sa shi ya karanta masa shafi ɗaya, ya ba shi lissafi 3. Na biyu, mu kafa asusu, mu ɗauki malamai daga cikin 'ya'yanmu da suka gama Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya suna zaune ba aiki, su buɗe ajin manya da yamma, su kuma riƙa bin ɗalibai da kira da saƙo. Na uku, a ɗauki darussa da murya cikin Hausa da harsunanmu, a zuba a katin waya, a raba a coci da masallaci da ranar kasuwa, domin wannan ba ya cin kati kuma ba ya neman sabis. Na huɗu, mai komawa gida da Kirsimeti ko da Salla ya riƙa wa matan gidansu ƙaramar waya tasu ta kansu, da ɗan faifan caji mai aiki da hasken rana.

Ga hukuma kuma muna da bukata. Muna kira ga Ƙaramar Hukumar Sanga da Gwamnatin Jihar Kaduna, da wakilanmu a majalisu, su nemi kamfanonin waya su keɓe lamba ta kyauta domin darussa, su kuma kafa turakun sadarwa a ƙauyukan da ba su da su. Wannan ba alfarma ba ce, hakkin talakawa ne, kuma duk mai zuwa neman ƙuri'armu ya kamata mu tambaye shi matsayinsa a kai.

Mai girma shugaba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon kafin mu tashi a zaɓi mutum 5, cikinsu har da mata 2, su tsara yadda za a tara kuɗin nan, su kawo mana rahoto a taro na gaba. Ni kuwa na yi wa gwaggona alkawarin cewa kuɗin da zan aika mata baɗi ita za ta karanta saƙonsu da kanta, in Allah Ya yarda. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.